Wutar Rusairis da Ƙishirwar Gonakin Suki

A watan Mayu, idan rana ta take tsaka a Suki, hatta awaki gindin katanga suke nema. Baƙar ƙasar nan mai danƙo ta dare, tsagarta sai ka zura hannu ba ka taɓo ƙarshe ba. Mai shayi ta janye kujerunta cikin rumfa, ruwan randa ya yi ɗumi, mai ƙanƙara ya lulluɓe ɗan abin da ya rage masa da buhu da dusar katako. Gari ya yi tsit, kowa ya kasa kunne.

Can sai ka ga fankar wani shago ta motsa. Kafin ta yi juyi uku, yara sun ɗauka daga wannan lungu zuwa wancan: kahraba ta zo! Haka muke kiran wutar lantarki a nan, da kalmar Larabci, kamar yadda muke ce wa madatsar ruwa hazzan, gonar da ke cikin shirin noma kuma hawasha. Nan take sai mai injin niƙa ya tayar, mata su jero da kwanukan dawa, tela ya koma kan kekensa, wayoyi goma su hau soket ɗaya. Kowa gaggawa yake yi, don ba a san ko za ta kai la'asar ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kogin ga shi nan a bakin gari. Ruwan da ke wucewa ta gabanmu ya riga ya juya injinan Rusairis, kusan kilomita 200 kudu da mu. Zai sake juya na Sinnar nan gaba kaɗan, ya haɗu da Farin Nilu a Khartum, sannan ya gangara arewa ya juya na Marawi. Ruwa ɗaya, ana tatsar wuta daga gare shi sau uku a cikin Sudan. Mu da yake ratsawa ta ƙofar gidanmu kuwa, sai mun yi ta zuba ido.

Waɗanda suka zo da ƙafa

Hausawa ba baƙi ba ne a bakin wannan kogi da Larabawa ke kira Nil Azrak, wato Shuɗin Nilu. Tun kafin zuwan Turawa alhazai ke ratsowa da ƙafa, wasu su yada zango shekara ɗaya don neman guzuri, shekarar ta zama rayuwa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa, kudu da Sinnar kaɗan.

Ba a jima ba Turawan Ingila suka datse kogin a Sinnar. An gama hazzan ɗin a 1925, kuma ba don wuta aka gina shi ba. Auduga ake so, ta shirin Jazira, don masaƙun Ingila. Hannayen mutanenmu na cikin waɗanda suka yi wa wannan auduga noma da tsinka shekara da shekaru. Da yawa daga jikokinsu har yanzu suna zaune a rugagen ma'aikata da ake kira kanabi, a gefen magudanan ruwa, inda galibi babu famfo, babu turken wuta.

Sai a 1962 aka sanya wa Sinnar injinan wuta, megawat 15 kacal. Babban aikin yana can sama.

Injina bakwai

Yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959 ta ba Masar kubik mita biliyan 55.5 a shekara, ta ba Sudan biliyan 18.5. Amma rabo a takarda ba ya shayar da gona. Shuɗin Nilu kogi ne mai fushi na wata uku zuwa huɗu: yana ɗauko ruwan saman tsaunukan Habasha daga Yuli zuwa Oktoba, sannan ya lafa ya zama ɗan siriri har ƙarshen bazara. Wanda bai tare ruwan damina ba, ba shi da na rani.

Don haka aka gina hazzan na Rusairis, tsakanin garin Rusairis a gabas da Damazin a yamma, da rancen Bankin Duniya da taimakon Jamus ta Yamma. An gama shi a 1966. Tashar wutar ta fara aiki a 1971, aka yi ta ƙara mata injina har suka kai bakwai, kowane megawat 40, jimilla 280. Mai karatu a Najeriya zai tuna da Kainji, wadda aka gama a 1968. Tsararraki ne, kuma tarihinsu ya yi kama ta fuskoki da dama, har da tayar da mutane daga gidajen kakanninsu.

Kusan shekara arba'in Rusairis ce ƙashin bayan wutar ƙasar. Manyan wayoyinta suka miƙe arewa ta Sinnar da Madani har Khartum, masana'antun Bahri da asibitocin Omdurman duk da ita suka dogara. Sai a 2009 Marawi ta zo da megawat 1,250 ta sha gabanta, sannan tagwayen madatsun Atbara ta Sama da Sitit suka ƙara 320 a 2017. Idan aka haɗa da ƙananan tashoshin Jabal Auliya da Khashm al-Girba da Sinnar, wutar ruwa a Sudan ta kai kusan megawat 1,900.

Kafin yaƙi, rabin wutar da ƙasar ke samarwa ko fiye daga ruwa yake fitowa. Sauran daga tashoshin da ke ƙona mai ne, irin su Garri da Umm Dabakir ta kusa da Kosti, da ɗan abin da ake saye daga Habasha da Masar. Hasken rana da iska kuwa, duk da yawansu a ƙasar nan, rabonsu bai taka kara ya karya ba. Saboda haka duk wanda ya yi maganar makamashi mai sabuntawa a Sudan, maganar kogi yake yi, ko ya sani ko bai sani ba. Darajar wannan ta ƙara fitowa fili bayan 2011, lokacin da Kudu ta ɓalle ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar. Injin mai sai an nemo dala. Injin ruwa sai dai a jira damina.

Laka, abokiya kuma abokiyar gaba

Wanda bai zauna a bakin kogin nan ba zai ɗauka lokacin cikowa ne wuta ta fi yawa. Akasin haka aka daɗe ana gani, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa.

Ƙarfin injin ruwa ya dogara ga abu biyu: yawan ruwan da ke ratsa shi, da tsawon gangaren da ruwan ke faɗowa daga samansa. A Yuli da Agusta kogin yakan zo ja wur, ɗauke da ƙasar tsaunukan Habasha. Ɗebi kofi ɗaya ka ajiye, bayan sa'a guda za ka ga laka ta kwanta a ƙasansa. Idan aka rufe ƙofofin hazzan a wannan lokaci, lakar za ta zauna cikin tafki ta cinye wurin ruwa. Shi ya sa tsarin aikin Rusairis tun farko shi ne a bar tafkin ƙasa-ƙasa, a buɗe ƙofofin ƙarƙashi laka ta wuce, sai wajen Satumba, da ruwa ya fara washewa, a rufe a tara na rani.

To, tafki yana ƙasa, kogin da ke bayan bango ya cika ya taso, gangaren ya ragu ta fuska biyu. Ga kuma kututturan itatuwa da ciyayi da ambaliya ke kwasowa, suna toshe ragar da ke bakin injina, ma'aikata su kwana suna tsamewa. A daidai lokacin da ruwa ya fi yawa, injin ya fi rauni.

Sai kuma ɗaya ƙarshen shekara. Daga Maris zuwa Mayu an riga an sha tafkin don ban ruwa, ya ja baya, zafi kuma ya haura digiri 40, kowace fanka da na'urar sanyaya ɗaki a Khartum tana kunne. Nan ma wuta ta gaza. Kamfanin wuta sai ya fito da jadawalin ɗaukewa, unguwa-unguwa, gari-gari. Ƙauye ba ya buƙatar a gaya masa inda sunansa yake a wannan jadawali.

Duk da wannan dabara, laka ta yi aikinta. Tafkin Sinnar ya rasa fiye da rabin abin da yake ɗauka a 1925. Rusairis ma ta rasa kaso mai tsoka kafin a ƙara mata tsawo. Amma lakar da injiniya ke kuka da ita, ita ce arzikin mai noman bakin kogi. Idan ruwa ya janye a kaka, yakan bar shimfiɗa mai laushi a gaɓa, wadda ake kira jarf. A nan mutanenmu ke shuka albasa da tumatir da kuɓewa da kankana ba tare da taki ba. Da ita kuma masu tubali ke yin jan bulon da aka gina rabin garuruwan ƙasar nan.

Idan famfo ya tsaya

Ɗaukewar wuta a Mayu gumi take jawowa. Ta Oktoba kuwa tana iya cinye shekarar mutum.

Shirin noman Suki, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, bai yi sa'ar Jazira ba. Jazira ruwa ke gangaro mata da kansa daga hazzan na Sinnar. Gonakin Suki suna sama da kogi, sai an ɗaga ruwan da manyan famfuna a zuba shi cikin babbar tur'a, wato magudanar ruwa, daga nan ya rarrabu cikin ƙanana har ya isa hawasha. Haka abin yake ga shirin Rahad, wanda ake ɗaga masa ruwa daga wannan kogi a kusa da Sinja. Samuwar wutar Rusairis na cikin abin da ya sa aka yi tunanin waɗannan shirye-shirye tun asali.

Ka tsaya a bakin hawasha a ƙarshen damina ka gani. Ruwan sama ya ɗauke, dawa ta fitar da kai tana neman cika ido, gyaɗa tana ɗaura 'ya'ya a ƙasa, auduga ta fara fure. Kowanne yana buƙatar sha biyu ko uku kafin ya tsira. Manomi ya gyara bakin kwalbatinsa, ya share ciyawar magudana, ya ci bashin iri da na garma. Idan famfo ya yi shiru kwana goma, zai ga ganyen dawa ya fara naɗewa da hantsi, ya miƙe da dare, washegari ya naɗe tun da sassafe, daga nan kuma ba ya sake miƙewa. Wanda hawasharsa ke wutsiyar tur'a shi ke fara gani, domin ko ruwan ya dawo, sai na gaba sun ƙoshi.

Ba kullum laifin wuta ba ne. Famfunan sun tsufa, kayan gyara sai an nemo daga waje, laka kan toshe bakin da suke zuƙo ruwa, wani lokaci kuma bashin kuɗin wutar ne ya taru. Ma'aikatan wuta suna da tasu hujjar: wutar da ake da ita ba ta isa kowa ba, kuɗin da ake karɓa bai kai na gyara ba, kuma ba za a bar asibitocin birni cikin duhu ba. Wannan gaskiya ce. Sai dai ni ban taɓa gamsuwa da lissafin da ke ajiye famfon da dubban gidaje ke ci daga gare shi a layi ɗaya da sauran masu jira ba.

A gidaje kuwa, wanda ya samu waya ta iso masa yana fama da mitar da ake saya wa wuta kafin a sha, wadda 'yan Sudan suka laƙaba wa suna jamra khabisa saboda yadda take cin aljihu. Wanda ba ta iso masa ba, da ma mafi yawan waɗanda ta iso wa, da gawayi da itace suke girki. Dazuzzukan Sinnar da Nil Azrak sun daɗe suna cika buhunan gawayin da ake lodawa zuwa Khartum. Gandun bagaruwa na bakin kogi, wanda Suki ta shahara da yanka katakonsa don shimfiɗa layin dogo, shi ma bai tsira ba.

Mita goma

Ranar 1 ga Janairun 2013 aka buɗe aikin ƙara wa Rusairis tsawo da mita goma. Asusun ƙasashen Larabawa suka ba da rance, kamfanonin Sin suka yi gini. Tafkin ya tashi daga kubik mita biliyan 3 zuwa sama da biliyan 7. Ba a ƙara injin ko ɗaya ba, amma bakwai ɗin nan suka samu gangare mai tsawo da ruwan da zai kai su bazara, wutar da suke bayarwa a shekara ta ƙaru sosai. Marawi ma ta amfana da ruwan da ake sakar mata a rani.

A ma'aunin injiniya wannan aiki ne mai kyau, kuma ban musa ba. Amma mita goma a jikin bango kilomitoci ne a kan ƙasa. Ruwa ya haɗiye ƙauyuka da gonaki da lambunan mangwaro, aka tayar da iyalai kimanin dubu ashirin, aka zuba su a sababbin garuruwa goma sha biyu waɗanda ake kira da lamba: Madina ta ɗaya, ta biyu, har zuwa ƙarshe. Cikinsu akwai Hausawa masunta da manoma, akwai Barta da Hamaj da sauran ƙabilun yankin. Mutanen da kowannensu ke da gaɓarsa da makiyayarsa suka wayi gari katanga ɗaya ta raba su, ƙasar noma kuma ta ƙuntata.

A Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a Rusairis da kewaye, kan batun sarauta da mallakar ƙasa. Aka kashe fiye da mutum ɗari. A Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, cikin waɗannan garuruwa masu lamba, aka rasa fiye da ɗari biyu. Dubban mutane suka gudo arewa, wasu jihar Sinnar, wasu Farin Nilu, da abin da suka iya ɗauka a ka. Ba na cewa hazzan ne ya kunna wutar. Siyasa da makamai da tsohuwar gaba duk suna ciki. Amma duk wanda zai rubuta kuɗin da megawat ɗin Rusairis ya ci, bai kamata ya tsaya kan siminti da ƙarfe ba. Manasir da Amri da aka tayar saboda Marawi, da Nubawan Wadi Halfa da aka kwashe a 1964, sun san wannan lissafi.

Maƙwabcin da ke sama

A Afrilun 2011 Habasha ta aza harsashin madatsarta ta Nahda, 'yan kilomitoci daga iyakar Sudan, kimanin kilomita ɗari sama da Rusairis. Ta fara tara ruwa a Yulin 2020, ta fara ba da wuta a Fabrairun 2022, aka buɗe ta a hukumance a Satumban 2025. Tafkinta na ɗaukar kubik mita biliyan 74, ninki goma na Rusairis, wutarta kuma ta haura megawat dubu biyar.

Ra'ayi ya rabu a Sudan, kuma kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Injiniyoyi da dama suna ganin alheri: lakar za ta kwanta can sama, kogin zai riƙa zuwa a daidaice duk shekara, injinan Rusairis su huta da toshewar damina da yunwar bazara, famfunan Suki su samu ruwa a matakin da ba ya hawa da sauka. Ga kuma wuta mai araha da za a iya ƙara saye ta layin da ya haɗa ƙasashen biyu ta Gadarif.

Mai jarf da mai tubali kuwa hankalinsu bai kwanta ba. Idan kogi ya daina cika yana janyewa, wa zai shimfiɗa musu sabuwar ƙasa? Ruwan da ya washe yana zaizayar gaɓa maimakon ya gina ta, gonar da ba ta san taki ba za ta fara nema. Masunta ma suna lura da yadda kifi ke canza wurin kwana.

Tsoro na uku shi ne na masu riƙe da ƙofofin Rusairis. Ƙaramin tafki ne a ƙarƙashin babba. Idan na sama ya saki ruwa ko ya riƙe ba tare da sanarwa ba, na ƙasa ba shi da lokacin shiri. An ɗanɗani haka a cikon farko na 2020, lokacin da hukumomin Sudan suka ce ruwa ya ja baya har wasu tashoshin ruwan sha na Khartum suka tsaya. Shi ya sa Sudan ta daɗe tana neman yarjejeniya mai ɗaure kowa kan musayar bayanai kullum, abin da tattaunawar shekaru tsakaninta da Habasha da Masar ba ta haifar ba.

Yaƙi ya bi waya

Duk wannan muhawara ta masu zaman lafiya ce. Tun 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun Da'am Sari, tambayar ta sauya. Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara. A ƙarshen Yunin 2024 aka kama Sinja, a Yuli aka shiga Suki, a daidai lokacin shuka. Mutane suka bar hawasha da gida suka nufi Gadarif, da yawa a ƙafa, cikin ruwan sama da taɓo, a kan hanyar da kakanninsu suka bi zuwa Makka. Sojoji sun karɓe Suki a Oktoba, Sinja a Nuwamba, Madani a Janairun 2025.

Bangon Rusairis bai faɗi ba, na Sinnar ma haka, kuma ma'aikatan da suka tsaya suna buɗe ƙofofi da rufewa a cikin wannan hali sun cancanci a yi musu addu'a. Amma an ga a fili cewa wutar ruwa tana da wuya siriri. Tasha tana wuri ɗaya, masu sha suna nisan ɗaruruwan kilomita, abin da ya haɗa su waya ce a sarari. A wurare da yawa na Khartum da Jazira an farfasa taransifoma an kwashe tagulla da mai. A 2025 jirage marasa matuƙi suka kai hari tashar Marawi fiye da sau ɗaya, jihohi da dama suka kwana cikin duhu. Injin yana iya juyawa lafiya lau, gari na kusa da shi yana kunna aci-bal-bal.

A wannan tsakani ne allunan hasken rana suka cika kasuwanni. Mai cajin waya ya ɗora biyu a kan rumfarsa, masallaci ya tara kuɗi ya sayi na lasifika da fanka, mai lambu a bakin kogi ya ajiye injin dizal ya koma ƙaramin famfon rana. Ba wani shiri daga sama ya kawo su ba, tilas ce. Ina ganin su ne mafita ga kanabi da ƙauyukan da suka shekara hamsin suna kallon manyan wayoyi na wucewa ta samansu, kuma ya kamata a cire musu haraji a sauƙaƙa bashin sayensu.

Sai dai allon da ke kan rumfa ba zai ɗaga ruwan dubun-dubatar fadan na gona ba. Manyan famfunan Suki suna buƙatar Rusairis, da layi na kansu wanda jadawalin ɗaukewa ba ya taɓawa daga Satumba zuwa Disamba, da taransifoma mai gadi, da kayan gyara a ajiye kafin damina ta ɗauke. Manoman da suka dawo daga gudun hijira sun tarar da magudana cike da ciyawa da laka. Da fartanya da shebur suka fara sharewa, tun daga wutsiyar tur'a suna yo gaba zuwa bakin kogi, inda famfunan suke.